Haliru da Taubashinsa na Kebbe

Da kakar bana shekara goma sha ɗaya ke nan da aka harbe ƙanena Haliru a hanyar da ta taso daga Kebbe zuwa Tambuwal. Ban taɓa yin rubutu a kansa ba, domin duk shekara akwai masu yi, kuma sun fi ni lasifika. Suna kiransa gwarzo, suna kiransa shahidin talakawa, suna manna hotonsa da aka gyara har ya fi mai shi haske da tsawo. Ni mutumin da na sani gajere ne, mai saurin magana, wanda bai taɓa gama cin tuwo bai ɗiga miya a gaban riga ba. Shi nake son tunawa yau, Allah ya jiƙansa, tare da wani mutum guda da ba a taɓa gayyata taron tunawar ba.

Waɗanda ba su yi wayo ba a lokacin, bari in ɗan ja musu baya. Shekarar ba ta da suna a bakin mutanenmu. "Shekaran nan" kawai ake cewa, a sassauta murya. Ta fara ne da kisan wani babban ɗan siyasa can babban birnin ƙasa. Muka ji a rediyo, muka yi salati, muka koma hirar takin zamani, don a ganinmu rigimar manya ce. Aka bi shi da wani, aka bi wancan da alƙali, aka bi alƙali da mai gidan jarida. Aka ɗage zaɓe, aka sake ɗagewa. Aka girke jami'an tsaro a kowace mararraba, layin waya kuwa yau a buɗe, gobe a toshe. Kisan ya riƙa gangarowa mataki-mataki, daga tarayya zuwa jiha, daga jiha zuwa ƙaramar hukuma. A iya sanina shi ne abu na farko da ya taso daga sama ya iso mana cikakke, babu wanda ya rage komai a hanya.

Haliru malamin gona ne. Ya yi shekaru a kan babur tsakanin Jabo da Sanyinna da ƙauyukan Kebbe, yana wa'azin tazarar shuka da wanke iri da magani. Manoma su saurare shi da ladabi, su ba shi fura, ya tafi, su shuka yadda kakanninsu suka shuka. Sai dai kowa yakan ware wata 'yar kusurwa a bayan gona, inda maƙwabci ba ya gani, ya gwada maganar malamin. Da kusurwa-kusurwa sunansa ya cika ƙasar. Da jam'iyya ta tashi neman fuskar da ba a san ta da cin komai ba, don kujerar majalisar da Tambuwal da Kebbe suka yi tarayya a kanta, sai idonta ya faɗa kansa. Na hana shi. Ni malamin tarihi ne, na kuwa zaunar da shi na jero masa mutanen kirki tun daga ƙarnonin baya, waɗanda suka shiga irin wannan ɗaki ba su fito da kyau ba. Ya saurare ni irin sauraron da manoma ke yi masa, sannan ya ce, "Yaya, dut mutanen da kaka lissafawa sun mutu. Ni da masu rai nika magana."

Ɗayan mutumin shi ne Arzika, ɗan Goggo, ƙanwar mahaifinmu da aka aurar a Kebbe. Wato taubashinmu ne. A da can nan zan tsaya, kowa ya gane. Yau dole in yi aikin aji: ɗan mace da ɗan namiji, wato 'ya'yan wa da ƙanwa, abokan wasan juna ne daga haihuwa har mutuwa, kowane yana kiran ɗan'uwansa bawansa. Maganar da za ka faɗa wa wani a kai ku gaban alƙali, ita za ka faɗa wa taubashi a tsakiyar kasuwa, ya rama, jama'a su yi dariya, ku je ku ci abinci a kwano ɗaya. A wannan wasa fushi ne abin kunya, ba zagin ba.

Arzika dillalin awaki ne, dogo, mai murya kamar ta mai shela. 'Yan watanni ya ba Haliru, kuma a ɗakin Inna, mahaifiyarmu, aka yaye shi. Ni Ci-alli yake kirana, ya tsaya nan, saboda na girme shi. Amma shi da Haliru wasansu guda ne, ba su taɓa gajiya da shi ba: wa zai binne wani. Ranar auren Haliru da Luba, Arzika ya je har ƙofar amarya ya yi mata ta'aziyya tun da wuri, ya ce kada ta damu, in ta fita takaba yana nan. Da zazzaɓi ya kwantar da Arzika wata damina, Haliru ya hau babur har Kebbe, ya zauna a bakin gadonsa yana raba awakinsa ga magada, yana tambayarsa gefen maƙabartar da ya fi so. Ran da Haliru ya karɓi tutar jam'iyya, kashegari Arzika ya shiga ɗaya jam'iyyar, alhali ko sunanta bai iya faɗa daidai ba. Ya karɓi hotunan Haliru ya manna a garken awakinsa, ƙasa-ƙasa yadda bakinsu zai kai, ya zo Tambuwal takanas ya ba da rahoto cewa ko akuya tauna ɗan takarar take yi ta tofar.

Wata ranar kasuwar Kebbe, ana gab da girbi, Haliru na tsaye a bayan a-kori-kura da lasifika a hannu, sai ga Arzika ya ratso taro ya kama gefen rigarsa. Ina wurin. Ya ɗaga murya yadda har ƙarshen kasuwa za a ji, ya ce, "Kai bawana, wa yab ba ka izinin shigo muna gari da wagga hayaniya? In ka sake tako Kebbe, ba ka komawa Tambuwal bisa ƙafafunka. Ni ka yi maka wanka, ni ka sa ka rami."

Haliru bai ko sunkuya ba. Ya ce ta cikin lasifika, "Jama'ar Kebbe, ku yi muna aikin gafara. Bunsurun gidanmu na yat tsinke tun bara, ashe nan shika kiwo." Kasuwa ta ɗauki dariya, har 'yan ɗaya jam'iyyar. A rumfar mai tsire suka ƙare, kafaɗa da kafaɗa.

Kasuwar da ta zagayo Haliru ya sake komawa. Da la'asar suka kamo hanyar gida shi da direba. Akwai wani wuri da ruwa ya cinye titi, dole mota ta rage gudu, gero kuwa ya yi tsawo dama da hagu. Mutum biyu a kan babur suka fito, suka yi abin da ya kawo su, suka bi burtali suka ɓace. Direba ya faɗa gona ya tsira. Kafin magariba an kawo mana Haliru.

Arzika ya iso da Goggo a bayan babur tun ba mu gama shimfiɗa tabarmi ba. Da aka zo wanka da safe, babu wanda ya kira shi. Ya naɗe hannun riga ya shiga, liman ya dube ni, na gyaɗa kai. Shi ya wanke shi, ina zuba ruwa. Shi ya shiga kabari ya karɓe shi ya gyara masa kwanciya. Daga ƙofar gida har muka dawo ban ji muryarsa ba.

Ashe ran da aka yi wasan nan na kasuwa wani ya ɗauka da waya. Ɗaukar ba laifi ba ce. Laifin yana wurin wanda ya yanke. Aka cire amsar Haliru, aka cire dariyar, aka bar dogon mutum da hular 'yan hamayya, riƙe da rigar ɗan takara, yana yi masa alkawarin kabari. Ko da layi a toshe, hoton ya bi gari daga waya zuwa waya. Ranar addu'ar uku jami'an tsaro suka tsaya a ƙofar gidanmu, suka ɗauke Arzika daga kan tabarmar makoki, yana zaune tsakanina da liman. Bai yi gardama ba. Takalmansa ma a nan ya bar su.

A shekaran nan, wanda aka kama da irin wannan tuhuma birni ake wucewa da shi, gaban wata kotu ta musamman mai zama a rufe, kuma ba mu san wanda ya je ya dawo ba. In kuwa aka sake shi a titi, samarin jam'iyyar Haliru suna nan da gorori da galan ɗin fetur, har sun fara tambayar unguwar da gidansa yake a Kebbe. Ran Arzika dai yana tsakanin mota da titi.

Na sa babbar riga na tafi wurin shugaban jami'an, a makarantar firamaren da suka mayar sansani. Baƙo ne daga nesa, mai ladabi, da alamar gajiya, Hausarsa ba ta wuce ta sayen goro ba, don haka da Turanci muka yi. Na yi masa darasi cikakke a kan taubasantaka, da gabatarwa da misalai. Ya saurara har ƙarshe, abin da ɗalibaina ba su cika yi ba. Sannan ya ce, "Malam, in wannan ita ce maganar mai ƙaunarsa, to mai ƙinsa me zai ce masa?"

Na ce, "Zai gaishe shi da ladabi, ya tambayi lafiyar iyali."

Ya ce in haka ne motocinsa ba za su isa kwashe waɗanda ake tuhuma a garin nan ba. Daga nan ya bar raha. Ya ce shi a ransa ya yarda da ni, don ya ga yadda mutumin yake zaune ba ci ba sha. Amma hoton ya riga shi isa wurin na sama, su kuwa jira suke a miƙa musu mutum, kuma ba zai aika musu da laccar malamin makaranta a madadin fursuna ba. In ina da abin da ya fi hoton nauyi, in kawo. Shi dai iyakar taimakonsa, motar kai fursuna tana yawan lalacewa.

Shugaban jam'iyya na yankinmu ya zo gida bayan la'asar, ya ja ni gefe. Wannan ba baƙo ba ne. A unguwarmu ya tashi, yana da taubasansa, na sha ganin suna tuɓe masa hula a gaban jama'a. So yake ranar addu'ar bakwai in karɓi lasifika in yi magana da sunan iyali, in nemi a hukunta wanda aka kama. Na ce masa ya san abin da ke cikin hoton nan kamar yadda na sani. Ya ce, "Malam, mu dut mun san wasa na. Amma jini ya zuba, yaran ga na biɗar wanda za su kama. In ba mu ba su wanga ba, su ka zaɓen nasu, kuma ba guda za su zaɓa ba." Na yi shekaru ina juya wannan magana. Ba ta mahaukaci ba ce, shi ya sa ta fi ba ni tsoro. Jami'in bai sani ba, ya tambaya. Wannan ya sani.

Duk wannan a zaure ake yinsa, wurin maza. A cikin gida kuwa Goggo na zaune a ɗakin Inna tun ranar rasuwa. Da aka tafi da ɗanta, matan da suka zo zaman makoki suka fara janye tabarminsu daga kusa da ita, wata ma ta faɗa a fili cewa bai kamata ta kwana a gidan ba. Goggo ta ɗaure ƙunshin kayanta. Inna ta karɓe ƙunshin ta zauna a kai. Lokacin ta haura tamanin, idonta ya yi rauni, ta yi shekaru ba ta wuce ƙofar gida ba. Ta aika a kira ni, ta ba ni saƙo zuwa ga na zaure: "Ɗa guda anka kashe mini. Wanda ad da shawarar ƙara mini na biyu, shi shigo ɗakin ga shi faɗa mini da bakinai." Babu wanda ya shigo.

Sannan ta kafa doka. Duk abincin da aka sauke a gidan, kafin a fitar wa baƙi, sai an fara zuba na Arzika a kwanon da Haliru ke ci. Luba, tana cikin takabarta, ita ta riƙa zubawa da hannunta. Ba a sa ta ba. Cewa ta yi ta fi kowa sanin yawan yajin da yake so, tunda shekara da shekaru yana cinye mata tukunya yana kushe girkin. Ni aka ɗora wa kaiwa. Na ce zan bi ta lungun bayan masallaci, ya fi kusa. Inna ta ce ta bakin titi, ta gaban ofishin jam'iyya, kuma kada in naɗe kwanon a tsumma, kowa ya san shi. Haka na riƙa ratsa Tambuwal da rana tsaka ɗauke da tuwo, samari na zaune a kan benci suna bin kwanon da ido. Na karanta sanarwar gwamnatoci iri-iri a littattafai, ban ga wadda aka fahimta da sauri kamar wannan ba. Ranar addu'ar bakwai aka miƙo mini lasifika, na gode wa waɗanda suka zo, na roƙa wa mamaci gafara, na mayar.

Sai dai tuwon bai fito da Arzika ba. Jami'in ya aiko mini cewa an turo wata motar daga birni, wadda ba shi da ikon lalatawa, za ta iso ranar kasuwarmu da azahar. Na shiga na faɗa wa Inna. Ta ce a miƙo mata mayafi da sanda.

Na nemo mota, Inna ta ƙi hawa. A ƙasa ta tafi, hannu ɗaya a kan sanda, ɗaya riƙe da Goggo, ni a baya. Ta tsakiyar kasuwa ta bi, ta layin 'yan hatsi, tana tafiya tana hutawa. Tsofaffin da suka gane ta suka riƙa tashi daga kan buhuna suna bin mu, ba tare da an ce musu komai ba. Kafin mu isa makarantar mun zama ayari.

Jami'in ya fito da kujera, ta zauna a ƙasa. Ni ne tafinta. Ta ce in gaya masa a ɗakinta aka yaye wanda ya kulle, kuma shi da Haliru tun ba su san sa wando ba suke yi wa juna alkawarin kabari. Ya ce ya ji, amma masu ƙara sun nace. Ta tambayi su wa ne masu ƙarar. Ya ce jam'iyyar marigayi.

Inna ta ce, "Jam'iyya ta yi naƙudar Haliru? Ni ad da jinin ga. In Arzika na yak kashe shi, ni yaz zalunta, ba su ba. A ba ni abina in aje shi inda nika ganinai."

Na fassara iyakar iyawata, na kuma san na zubar da rabi. Jami'in ya dubi taron da ke bakin ƙofa, da liman da dattawan kasuwa, ya shiga ciki ya yi doguwar magana da na sama. Abin da ya gaya musu ban sani ba. Ya fito ya ce ya ba da belin wanda ake tuhuma a hannun uwar mamaci, kuma tun da ya fara aiki bai taɓa rubuta irin wannan jimla ba. Aka fito da Arzika. Ya durƙusa gaban Inna zai yi magana, ta ce ya tashi rana na yi, uwarsa ta jiƙa mata tabarma da hawaye, ya isa haka.

Muka komo ta hanyar da muka zo. Samarin suna bakin ofishinsu da gororinsu. Wani ya fara ɗaga murya, ya ga babu mai amsa masa, ya yi shiru. Ba zuciyarsu ce ta yi sanyi ba. Ba a dai kai wa mutum duka yana tafe tsakanin tsofaffi biyu, ɗaya uwar wanda hotonsa ke ƙirjin rigarka. Motar birni ta iso da azahar kamar yadda aka ce, ta juya babu kowa a ciki.

Arzika ya zauna a zaurenmu har aka yi zaɓen da aka yi ta ɗagewa, bayan wata damina ta zagayo. A duk faɗin ƙasar nan babu inda ya fi masa aminci kamar gidan mutumin da aka ce ya kashe. Awakinsa suka watse a hannun 'yan riƙo. Tuhumar ba a taɓa soke ta ba. An dai daina tambaya, kamar yadda aka daina tambayar abubuwa da yawa na shekaran nan. Wanda ya kashe Haliru har yau ban sani ba. An kawo mini sunaye da dama, kowane suna da jam'iyyar mai kawo shi a bayansa, ban karɓi ko ɗaya ba. Kujerar kuwa shugaban jam'iyya ne ya hau, da ƙuri'un tausayi. Ya gina rijiyar burtsatse da sunan Haliru, wadda ta ba da ruwa sosai ranar da aka buɗe ta.

Nakan tambayi kaina me Haliru zai ce in ya leƙo yau. Zai yi murna da tazarar shuka, don yanzu a tsakiyar gona ake yinta, ko da yake saƙon waya ne ke gaya wa manoma, kuma sun fi yarda da shi. Zai yi mamakin baburan lantarki da ke wucewa ba ƙara. Ni dai har yau ban saba da babur ya iso bayana ban ji shi ba, kuma ina da dalili. Zai ga ana zaɓe da ɗan yatsa a kan waya, ba layi ba shan rana, sakamakon kuma yana fitowa irin wanda aka saba. Amma ina jin abin da zai fi tsaya masa a rai shi ne shirun da ke wurin biki. Bayan shekaran nan an yi doka a kan kalaman barazana, doka mai kyau, ban ce a soke ta ba. Sai dai yanzu in taubasai suka haɗu wurin suna ko ɗaurin aure, sai ka ga kowane ya fara waiwayawa, sannan ya yi ɗan wasa marar gishiri, irin wanda za a iya maimaitawa a gaban alƙali. A makaranta kuwa an sa taubasantaka a manhaja. Ɗalibai su haddace ma'anarta, su kawo misalai, su ci maki. Duk abin da aka fara yi wa yara jarrabawa a kansa, ya kusa shigowa fannina.

Arzika ya koma Kebbe, ya sake tara 'yan awaki, ya tsufa. Shi ya ɗauki gaban makarar Inna, daga baya ni da shi muka kai Goggo. Amma muryar nan ba ta dawo ba. Ciniki yake yi ƙasa-ƙasa kamar mai ba da haƙuri. Ni ma ya daina ce mini Ci-alli, Malam yake cewa. Na tsokane shi ta kowace hanya, na kira shi bawa a gaban surukansa, sai ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Hoton nan kuwa bai mutu ba. Duk shekara in lokacin ya zagayo, sai wani da bai san ko ɗayansu ba ya tono shi ya watsa, da Allah ya isa a ƙasa. Saboda irin waɗannan nake wannan rubutu, ko da yake na san karatunsu ba ya nisa.

In aka ce in auna abin da ya rage na Haliru, ba zan kai mutum rijiya ba, ba zan kai shi taron shekara-shekara ba. Akwai 'ya'yansa, sun girma, Luba ta riƙe su da kyau. Akwai kuma wani abu da ban san da shi ba sai bana.

An sa sabon mai gadi a maƙabartarmu, mutum mai tsoron Allah, ba ɗan garin nan ba, bai san wane da wane ba. Kwanan baya ya same ni bayan sallar azahar, yana ta jan magana, da ƙyar ya fito da ita. Wai akwai wani dogon tsoho da ke zuwa daga Kebbe duk ranar kasuwa, ya ɗaure akuyarsa a bakin ƙofa, ya wuce kai tsaye kabarin ƙanena. Da farko yakan yi sallama ya yi addu'a mai tsawo, daidai yadda aka koyar. In ya shafa, sai ya gyara tsayuwa ya fara faɗa. Yana ce wa mai kabarin rago, wanda ya gudu ya kwanta ya bar mutane da aiki, bawan da ya tsere bai nemi izinin ubangidansa ba. Wani lokaci ya yi shiru kamar mai jiran amsa, sannan ya ce, to ka gani, ba ka da ta cewa. Mai gadin ya ce shi bai taɓa ganin ƙiyayya irin wannan ba, a bi mutum har kabari. Ya tambaye ni ko ya hana shi shiga, ko kuwa ya kai rahoto.

Na ce ya bar shi. In rana ta yi zafi ya miƙa masa ruwa, ya ja baya inda ba zai ji ba, kuma ya bar wayarsa a aljihu.